Lawaƙih, Ta'abiri da Barbara: Kalma Ɗaya da Aka Ɗora wa Kaya Uku

A majalisun tafsirin watan Ramadan, idan aka iso aya ta 22 a Suratul Hijri, inda Allah Maɗaukaki Ya siffanta iskoki da kalmar lawaƙih, an saba jin mai fassara ya ce iskoki masu barbara. Ita ce kalmar da mai karatu zai tarar a tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, kuma ita ce wasu malamai kan yi amfani da ita wajen fassara ta'abirin dabino a hadisi. Daga baya masu magana a kan mu'ujizar kimiyya suka ƙara mata kaya na uku, suka ce ayar tana nufin yadda iska ke kwasar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, abin da a cewarsu ba wanda ya sani sai a ƙarnin da ya wuce. A ganina kalmar ba ta iya ɗaukar waɗannan kaya duka, kuma cakuɗa su yana jawo ɓarna a tafsiri da fiƙihu gaba ɗaya.

Mu fara da lugga. Lawaƙih jam'in laƙih ne, ita kuwa laƙih a bakin Larabawa taguwa ce da ta ɗauki ciki. Wanda ya sa ta ɗauki cikin sunansa mulƙih, jam'insa malaƙih. Ke nan zahirin sigar kalmar yana nuna mai ɗauka, ba mai bayarwa ba. Wannan ne ya raba malaman lugga. Abu Ubaida, mai Majazul Ƙur'an, ya tafi a kan cewa lawaƙih a nan tana nufin malaƙih ne, an sauke mata harafin ƙari. Ibnu Ƙutaiba bai gamsu da haka ba, shi da Azhari suna ganin iskar ce ke ɗauke da girgije da ruwa kamar yadda taguwa ke ɗauke da ɗan tayi. Suna da madogara a aya ta 57 ta Suratul A'arafi, wadda ta ambaci iska tana ɗaukar gizagizai masu nauyi, da kuma aya ta 41 ta Suratuz Zariyati, inda aka kira iskar da ta halaka Adawa aƙim, wato bakarariya. Idan iskar azaba juya ce, to iskar rahama mai ciki ce. Ɗabari ya haɗa ma'anonin biyu, ya ce tana ɗauka kuma tana sa a ɗauka.

Barbara ta kama ra'ayin Abu Ubaida, ta saki ɗaya. Ba laifi ba ne mai tarjama ya zaɓa, dole ma ya zaɓa, tun da layi ɗaya ke gare shi. Abin lura shi ne abin da ake yi wa barbarar. Jalalaini, wanda shi ne littafin da ke buɗe gaban akasarin masu tafsirinmu, ya ce girgije ne, sai ya cika da ruwa. Siyaƙin ayar ma haka ya nuna, domin harafin fa'un ne ya biyo baya nan take da saukar da ruwa daga sama da shayar da mutane. An ruwaito daga wasu magabata, har da Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, ambaton itatuwa tare da girgije, don haka ba za a ce ma'anar tsirrai baƙuwa ce ba. Amma wannan ruwaya ita kanta ta rushe da'awar cewa ba wanda ya sani.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce hadisin ta'abiri da Muslim ya fitar ta hanyar Ɗalha da Rafi'u bn Khadij da Anas da A'isha. Mutanen Madina sun san dabino namiji daban, mace daban, suna hawa su ɗauko furen namiji su sa a cikin na mace. Da suka bari a wata shekara sai dabinon ya fito shis, wato marar kyau. Iska ba ta daina kaɗawa a Madina ba a wannan shekara, amma ba ta wadatar ba. Mutanen Iraƙi na dā sun san wannan aiki tun kafin Musulunci da ƙarnoni masu yawa. Abin da Turawa suka zo da shi daga baya shi ne tabbatar da jinsi a sauran tsirrai ta hanyar gwaji, kamar yadda Kamerariyus ya yi a Jamus a 1694, kuma masara na cikin abin da ya gwada.

A nan manomin Rogo ya fi mai wa'azin mu'ujiza daidaita magana. Masara iska ce ke yi mata aiki: gari yana zubowa daga furen da ke saman kara ya sauka a kan gemu, kowane silin gemu kuma ƙwaya ɗaya yake kaiwa gare ta, shi ya sa idan fari ya kama a wannan lokaci sai a ɓare goyo a tarar da giɓi. Gero ma iska na taimakonsa ƙwarai. Amma shinkafa da alkama da gyaɗa da wake, galibi kowane fure da kansa yake wadatuwa, dawa ma mafi yawanta haka ne. Mangwaro kuwa ƙudaje da zuma ne ma'aikatansa. Duk wanda ya tsaya a gaban masu noman rani na bakin madatsar Challawa ya ce iska ce ke barbarar dukkan tsirrai, ya jingina wa Alƙur'ani abin da gona za ta ƙaryata.

Sannan masana tsirrai suna bambance matakai biyu. Saukar garin fure a kan mace shi ne Larabcin zamani ke kira talƙih, haɗuwar ƙwayar namiji da ta mace a can ciki kuma ikhsab. Na farko yana iya faruwa na biyu bai faru ba. Barbara a asalinta ta dabbobi ce, ta bunsuru da akuya, kamar yadda baye yake na doki, kuma ba ta rarrabe waɗannan matakai. Larabcin ma bai tsira ba, don a yau talƙih har allurar rigakafi yana nufi, kuma tun a dā an saɓa a kan malaƙih da madamin da aka hana sayarwa: bayanin da ke cikin Muwaɗɗa ya sa malaƙih a tsatson raƙuma maza, wasu malaman suka juya.

Inda abin ya fi shafar dukiyar mutane shi ne babin ciniki. Hadisin Ibnu Umar ya hukunta cewa wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa ta'abiri, 'ya'yan na mai sayarwa ne sai in mai saye ya sharɗanta. Karaye da Rogo ba ƙasar dabino ba ce kamar Dutse, amma ana sayar da lambun mangwaro da gwaiba, ana sayar da gona da shuka a cikinta. Ɗalibin da aka koya wa cewa ta'abiri barbara ce kawai, in aka kawo masa rigimar lambu, me zai tambaya? Ranar da ƙuda ya sauka a kan fure? Malaman Malikiyya ba su rataya hukuncin a kan abin da ido ba ya gani ba. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya fassara ibar da sanya namiji, ya faɗaɗa hukuncin ga sauran 'ya'yan itace, sannan ya ce ibar na shuka shi ne fitowarta daga ƙasa. Masu sharhi suka bayyana cewa a itacen da ba dabino ba, abin lura shi ne furen ya kaɗe, ɗan ya ƙullu ya bayyana. Ashe ibar a fiƙihu alama ce ta bayyanar amfani. Babu wata barbara a tsirowar dawa daga ƙasa, amma an kira ta ibar. Wannan kuma dabam yake da sayar da 'ya'yan itace su kaɗai tun suna fure, wanda ke ƙarƙashin hanin sayarwa kafin nuna ta bayyana, ko da yake na sha jin ɗalibai suna haɗa babukan biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Hausar gona tana da kalmomin da muke nema, mu ne ba mu je mun ɗauko ba. Manomi yana cewa dawa ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi huda. Gero ya yi bununi. Masara ta yi goyo, ta fid da gemu. Yana kuma sanin namijin gwanda da namijin giginya da ba sa haihuwa. Ciki da goyo sun fi kusa da hoton laƙih fiye da barbara nesa ba kusa ba. Da mai tafsiri zai ce iskoki masu ɗauke da cikin ruwa, masu sa girgije ya yi ciki, da ya kawo ra'ayoyin biyu yadda Ɗabari ya haɗa su. A hadisin Madina, a ce sanya wa macen dabino furen namiji, ko da ya fi tsawo. A babin ciniki kuwa, a bar kalmar ibar yadda take, a bi ta da bayani: ƙulluwar ɗa a itace, tsirowa a shuka.