Ina Dodo Zai Kwana? Rubuta Ƙage a Duniyar da Ke da Doka

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Ana zama ne a kewaye tebur, kowa ya ɗauki mutum guda, wannan jarumi, wancan boka, wani ɓarawo, sannan mai jan ragama ya faɗi inda suke da abin da ya tare musu hanya. In ka ce za ka sari dodo, ba bakinka ne zai yanke ba. Sai ka jefa ƙwaya irin ta lido mai fuska 20, abin da ta nuna shi ke nan. Daga baya aka shiga rubuta littattafan ƙage a cikin duniyoyin wasan: Margaret Weis da Tracy Hickman da jerin Dragonlance a 1984, R. A. Salvatore da jaruminsa Drizzt a 1988. Marubucin irin wannan littafi hannunsa a ɗaure yake. Mai karatu ya san iyakar tsafin kowane boka tun kafin ya buɗe bango, kuma ba zai yafe maka ba in ka tsallake ta.

Wannan ɗauri ba baƙo ba ne a Dambatta ko Bichi ko Kunchi. Duniyar Gizo haka take, sai dai ba kamfanin da ya mallake ta, kuma dokarta a kunnen yara take, ba a takarda ba. Gizo yana da wayo da haɗama da tsamin baki, ba shi da ƙarfi. Kura tana da ƙarfi, ga tsoro ga wauta. Dila malamin daji ne. Kaka tana iya ƙirƙiro sabon labari yau da dare a tsakar gida, amma ta kuskura ta sa Gizo ya kayar da Zaki da kokawa, nan take jikoki za su ce ba haka ba ne.

A duba tatsuniyar Gizo da hankaki. Ɓaure yana tsakiyar ruwa, Gizo ba ya tashi sama. Mai ba da labari ba ta ƙaga masa fiffike daga iska ba. Hankaki ne suka ara masa gashi ɗai-ɗai. Abin aro kuwa ana karɓewa. Da ya hau bishiya ya shiga cewa kowane nunannen ɓaure nasa ne, shi ya riga gani, sai kowa ya zare gashinsa, aka bar shi a reshe, ruwa ta ko'ina. Daɗin labarin duk daga iyakar Gizo ya fito. Da yana da laya mai sa tashi, da babu tatsuniya.

Shiga rigar wani ma mun san shi. A kalankuwa bayan kaka samarin ƙauye kan naɗa sarki da alkali da 'yan doka, a yi shari'a a ci tara, kowa yana riƙe da matsayinsa. Lissafi da ƙa'ida kuwa suna gindin bishiya wurin masu dara, rami 30, kowa da 'ya'ya 12. Ba a dai haɗa ukun, tatsuniya da kalankuwa da dara, wuri guda ba.

Da aka koma takarda sai abin ya sauya hanya. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Imam ya riƙe dabarar Gizo: a Ruwan Bagaja, Alhaji da Malam Zurƙe da wayo suke kayar da juna. Ganɗoki kuwa, da ya gama yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasashen aljanu, takobinsa ba ya dakushewa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga almarar Rasha aka ɗauko shi, har da Sarki Waldima da Birnin Kib. Littattafan yaƙi na Kano, waɗanda sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice a cikinsu, wannan reshe suka bi, kuma suna da masoya. Yanzu ma ana sauraronsu a waya ana sussuka. Amma a ganina da yawa cikin irin waɗannan littattafai ciwo ɗaya ke damunsu. Sadauki ya kashe dubu, sai a kawo masa dubu goma. Boka ya ƙare dabara, sai ga wani zobe da ba a taɓa ambata ba. Mai karatu ba ya jin tsoro, don ya san marubuci zai kawo ɗauki. Sannan birane duk na can ne, wajen Misra da Sin, sunaye na aro.

To a nan gida ina za a ajiye abin mamaki? Tatsuniya tana son daji, ƙasar arewacin Kano kuwa gona na jingine da gona. Daga Minjibir zuwa Makoɗa da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ji dakan turmi ba. Kowace kuka da kowace ɗorawa akwai mai ita, kura ta daɗe da barin wurin. Wannan ƙunci shi ne dokar da marubuci ke buƙata. Dodon da ba shi da daji dole ya sami maɓoya a kogon kuka, ko tsohuwar rijiya, ko suri a kan iyakar gonakin 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji. Dole ya san lokacin da jakuna ke kai taki, ya san ranar kasuwa, ya kauce wa Fulani in sun sauka cin kara da rani. Yarinyar da ta gan shi ba za ta yi tafiyar wata bakwai neman takobi ba. Gobe da safe ma ta nan za ta bi zuwa ɗiban ruwa, kuma in ta faɗa wa mai unguwa, tambayar farko da zai yi ita ce a gonar wa abin yake.