Gyaran Bakin Ruwan Badagry: Don Baƙo Ake Yi, Ko Don Ɗan Gari?

Jama'a, duk gwamnan da ya hau kujera a Legas sai ya yi wa Badagry alkawari. A ce za a ƙawata Marina, za a jawo 'yan yawon buɗe ido daga Amurka da Barazil, garin zai farfaɗo. Ba na cewa ba a yi komai ba. An cike gaɓa, an gina gidan wasan kwaikwayo a zamanin Ambode, kuma tun 2017 ake bikin tarbar jikokin bayi da ke dawowa ganin tushensu. To amma ku zagaya Marina ranar Talata da rana, ba ranar biki ba, ku ƙirga mutanen da ke zaune a wurin.

Abin gani kam akwai shi. Ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, ga gidan adana kayan tarihi, ga kurkukun bayi na Seriki Abass, ga tsibirin Gberefu inda ake tasa ƙeyar bayi zuwa jirgi. Mu ma muna da igiya a tarihin nan, don daga Badagry ne Bature Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. Yara nawa ne a unguwar nan suka san haka?

Inda nake ganin an kauce shi ne, duk tsarin don baƙo aka yi shi. Baƙon nan kuwa yini ɗaya yake yi. Motar makaranta ta sauke yara, a nuna musu sarƙoƙi, su hau kwalekwale, kafin la'asar sun juya. Ko ruwan leda daga gida suke zuwa da shi. Gari ba ya rayuwa da irin wannan ciniki. Abin da ya riƙe Badagry tun asali shi ne hanya da iyaka: Seme, Kwatano, kasuwar Agbalata, kwakwa da kifi. Aikin faɗaɗa titin Legas zuwa Badagry tun zamanin Fashola aka fara, aka kwashe fiye da shekara goma ana shan ƙura da cunkoso. Sannan aka rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Duk mai shago ya san abin da wannan ya yi wa jarinsa. Ga shingayen bincike a hanya kamar ƙirgen carbi. Wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya don ya ga teku, da wuya ya sake.

Sai maganar filin kansa. Shimfiɗa bulo da kafa mutum-mutumi ba su ne ke tara jama'a ba. Abin da ke sa mutum ya zauna a wuri ƙanana ne: inuwa, benci, famfo, bayan gida mai tsafta, fitila da dare, da wanda zai sayar masa da shayi ko tsire. Masu zana taswira kuwa mai talla suke fara gogewa, wai yana ɓata kyan wuri. Alhali mai shayin da ke kunna fitilarsa har sha ɗayan dare ya fi maigadi tsare wuri, domin ɓarawo ba ya son inda ido yake. A kore shi, wata shida sai ciyawa ta rufe bulon, 'yan shaye-shaye su gaje benci.

Kuma tsoronmu yana da dalili. Mun ga Maroko a 1990. Mun ga yadda aka tashi mutanen Tarkwa Bay a Janairun 2020. Bar Beach da talaka ke zuwa shan iska da sallah, yau Eko Atlantic ce ta hau kansa. A Legas, in an ce za a gyara bakin ruwa, mai ƙaramin ƙarfi yakan fara ɗaure kayansa. Yanzu ga zancen babbar tashar jiragen ruwa, ga titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024. In waɗannan suka tabbata, filin da ba a kallo yau zai yi tsadar zinariya.

Ana cewa ana tuntuɓar jama'a. Wace jama'a? A kira taro, a jera sarakuna a gaba, a karanta jawabi da Turanci, a raba lemo, a watse. Masunci Ba'egune bai yi magana ba, mai sayar da kwakwa ba ta yi ba, balle mai tura baro. Wannan sanarwa ce, ba shawara ba.

Amma mu ma da namu. Akwai ƙungiyoyin raya unguwa da ake kira CDA, ta nan ƙaramar hukuma ke jin koken mutane. Mu nawa ke halarta? Wani ya shekara talatin a nan, ya aurar da 'ya'ya a nan, har yanzu cewa yake shi baƙo ne, gida zai koma. Kuɗin wata ba ya biya, sharar safiyar Alhamis a kasuwa sai an yi masa barazanar tara. In aka zo rabon rumfuna kuma ya ce an nuna ƙabilanci. Wanda ba ya cikin littafi ai ba za a kira sunansa ba.

Shawarata ga Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa: a rubuta sunan duk ɗan unguwar nan da ke neman abinci a bakin ruwa, da sana'arsa da shekarun da ya yi a wurin. A zaɓi samari biyu masu jin Yarabanci da Turanci su riƙa zama taron CDA a madadinmu. Sannan a haɗa baki da masunta da matan kasuwa, a nemi a nuna mana a kan takarda inda rumfunan masu talla za su zauna, da nawa ne hayarsu, tun kafin ɗan kwangila ya sauke yashi.