Turken da Ke Shan Sanda

Bahaushe ba baƙon sanda ba ne. Makiyayi na ratsa gari da tasa a gicciye bisa kafaɗa, mafarauci ba ya fita daji ba gora. Japanawa kuwa sun ɗauki sandar suka mayar da ita karatu, suka sa masa suna jodo. Tasu sandar, jo, tsawonta santimita 128, kaurinta santimita 2.4, ta farin itace mai tauri. Ana danganta fannin ga Muso Gonnosuke, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 17, kuma masu bin tafarkinsa suna ba da labarin cewa sai da ya sha kaye a hannun gwanin takobi Miyamoto Musashi kafin ya rage wa sandarsa tsawo. A 1968 hukumar wasan kendo ta Japan ta tsara darussa goma sha biyu, su ne akasarin ɗalibai ke farawa da su yau.

Sai dai jodo wasan mutum biyu ne: ɗaya da sanda, ɗaya da takobin katako. Saurayin da ke zaune a Dukawuya ta Kano, can yammacin badala tsakanin Gadon Ƙaya da Kabuga, wanda ya samo 'yan darussa wajen malami ya dawo gida, wa zai riƙe masa takobi bayan sallar asuba? Nan ne gwanintar haɗa mutum-mutumin atisaye take shigowa, kuma ita ce ke burge ni.

A Japan ma da haka aka saba. 'Yan makarantar Jigen-ryu ta Kagoshima suna kafa gungume a tsaye, su yi ta saransa dama da hagu har ya rame ta gefe biyu. A garin Iwama, masu wasan aikido suna dukan damin tsumagu ko tsohuwar taya don ƙugu da hannu su yi ƙarfi. Kayan aikin ba su da tsada, sanin yadda za a haɗa su ne abin nema.

Wanda bai sani ba zai ɗauka turke mafi ƙarfi shi ne mafi kyau, sai ya kafa bututun ƙarfe ya zuba masa siminti. Kwana kaɗan sanda ta tsage, gwiwar hannu ta fara ciwo, domin duk dukan da ka kai wa abin da ba ya motsi kanka yake dawowa. In kuma aka rataye buhun tsumma yana reto, sanda ta nutse ciki, ɗalibi ba zai taɓa jin ko dukansa ya zauna daidai ba. Gwani yana neman tsakiya ne: abin da zai ɗan ja da baya kamar jikin mutum, ya kuma dawo inda yake.

Don haka da rami yake farawa. Ya haƙa kamar kamu ɗaya da rabi, ya zaɓi itace mai jure ƙasa irin su ƙirya ko marke, ya shafe gindin da baƙin mai saboda gara. Maimakon siminti, ya cika ramin da tsakuwa da jar ƙasa ya daɓe, yadda turken zai riƙa ɗan numfasawa. Tsawon da ya rage a sama daidai tsawon mai atisayen ne, shi ya sa ba a auna wa wani da jikin wani. Sai ya tsaya gaban turken ya sa alli a wurare uku: tsakanin idanu, ƙahon zuci, da inda wuyan hannu zai kasance in an ɗaga takobi.

Sannan sutura. Tayar babur ko ta adaidaita sahu da mai faci ya jefar ta fi ta mota, don tayar mota da waya a cikinta, in ta cinye sai ta riƙa gatsar sanda. A yanka ta, a rungume turken da ita, a cusa tsumma ko buhun algarara a ciki, a ɗaure da igiya tamau. Ba a buga ƙusa ko noti a duk inda sanda za ta sauka. Kan ƙusa ɗaya ya isa ya lalata sandar da aka yi shekara ana lallaɓawa. Wurin suka, wato ƙahon zuci, shi ya fi son fata mai kauri, kuma garin da ke da dukawa da majema ba zai rasa guntun ƙirgi ba.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne hannun mutum-mutumin. A jodo akwai dukan da ake kira hikiotoshi, inda sanda ke zamewa bisa takobin abokin karawa ta watsar da shi gefe. Kafaffen hannu ba zai koyar da wannan ba. Sai a huda turken daidai cibiya, ramin ya fi sandar da za ta shiga faɗi kaɗan, a zura gora mai tsawon kamar mita ɗaya, bakinta na kallon maƙogwaron mai atisaye, a ɗaure gindinta ta baya da robar tif, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. In dukan ya zo da ƙugu kuma a kan layi, gorar za ta yi tsalle gefe da ƙara guda mai tsabta, ta dawo. In da ƙarfin damtse kawai aka kai shi, sai ta yi kakkarwa a inda take. Ninki nawa za a yi wa robar? Wannan hannu ne ke faɗa, a ƙara a rage har sai ta yi nauyin riƙon mutum. Na ɗauki wannan a matsayin fasaha ta gaske, domin mai haɗawar sai ya san yadda takobi ke ji a hannun mai rai kafin ya iya kwaikwayonsa da roba.

Turke ba ya kai hari, ba ya ja da baya taku biyu, saboda haka tazara da lokaci sai a gaban malami da abokin karawa. Yana kuma son kulawa. Hunturun Kano na busar da itace ya tsattsage, rana na cin roba, damina na ruɓar da igiya. Mai shi yakan shafa wa sandarsa ɗan mai in iska ta fara kaɗawa, ya sake robar in ta saki, ya kifa wa turken tsohon bokiti a ka da zarar hadari ya haɗo daga gabas.