Mai Gadin Jijiya a Ɗakin Tiyata

A ɗakin tiyatar ƙashin baya, can gefe, akwai wani zaune gaban kwamfuta wanda majiyyaci ba ya ma sanin sunansa. Shi nake jinjina wa.

Laka tana ƙarewa ne wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙashin ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne a barbaje kamar wutsiyar doki, kuma sunan da likitoci suka ba su ke nan. Su ke motsa ƙafafu, su ke riƙe fitsari da bayan gida. Ƙusa ɗaya cikin waɗanda ake ɗaurawa a ƙashin baya ta kauce, mutum yana iya farkawa yana jan ƙafa.

Wannan ma'aikaci yakan soka siraran allurai a tsokokin ƙafa, ya aika ɗan lantarki daga idon sawu, ya jira saƙon ya isa kai. Idan likita ya ɗaura ƙusa a ƙashi, sai a taɓa ta da lantarki kaɗan. In tsoka ta yi saurin amsawa, ƙila ƙusar ta fasa ƙashi ta matso jijiya. Nan take zai ce, "Likita, a ɗan dakata." Tsayar da babban likita ana tsakiyar aiki sai mai ƙarfin hali, kuma wannan ne ya fi burge ni.

A 1973 likitoci a Faransa suka bayyana dabarar farkar da majiyyaci ana cikin aiki don ya motsa yatsun ƙafa. Yanzu galibi majiyyaci yana barcinsa, wannan bawan Allah kuwa idonsa na kan allo har a ɗinke.