Kada a Sa wa Mota Riga a Kan Ƙura

Duk wanda ke bin layukan unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya da sassafe a 'yan shekarun nan ya san abin da nake nufi. Motoci ne a ƙofar gida an lulluɓe su ruf, wasu da riga mai ruwan azurfa, wasu da shuɗin tamfol an ɗaure da igiya an danne gefensa da bulo. A da, sai babban mutum zai yi doguwar tafiya ake yi wa motarsa haka. Yanzu har ƙaramar motar malamin makaranta tana da rigarta, masu talla ma suna yawo da su a danja, a naɗe cikin jaka.

Dalilin a fili yake. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta tsaya ba. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Motar da mutum ya saya a da, yau ko ya sayar da ita ba zai iya maye gurbinta ba. Sai mutane suka rage hawa, suka ƙara tattali. Motar da take fita kullum ta koma fita ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure. Wannan tattalin ina girmama shi, don na san abin da mota take ga mai iyali. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin rigunan nan da ake saye don kare fenti, su ne ke cinye fentin.

Sai an san yadda fentin motar zamani yake kafin a gane haka. Motocin da, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda aka buɗe a 1975, akasarinsu launi da ƙyalli a haɗe suke cikin shafi guda. In rana ta dusar da shi, sai a goge da man gogewa, sabon launi ya fito daga ƙasa. Daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka koma wani tsari: a shafa na ƙasa mai kama ƙarfe, a fesa launi, sannan a rufe da wani shafi garai-garai marar launi. Shi wannan na saman shi ne ƙyallin da muke gani, shi ne kuma ke tare wa launin zafin rana. Kaurinsa bai wuce mikron 40 zuwa 50 ba, wato wajen rabin kaurin takardar rubutu. Duk abin da ake ta faman karewa ke nan. In ya ƙare, ya ƙare. Kowa ya san motocin nan da rufinsu da bonet ɗinsu suka yi fari-fari suna saɓulewa. Wannan babu man da zai gyara shi, sai dai a koma wajen mai fenti.

To, ga fentin. Ga kuma ƙurarmu. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon babban tafki, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta kwashi garin ƙasa ta yo kudu maso yamma da shi. A hanya ya haɗu da ƙurar titunanmu da ba su da kwalta. A cikin wannan garin akwai ɓarɓashin kwaz, dutsen da shi ne asalin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, kwaz yana hawa na 7, gilashin taga kuwa wajen 5 da rabi. Abin da zai iya karce gilashi, ina ga ɗan siririn shafin fenti?

Muddin ƙurar nan tana kwance a jikin mota ba a taɓa ta ba, ɓarnarta kaɗan ce. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da wani abu ya danne ta ya ja. Mutum ya dawo daga kasuwa da magariba, motar ta sha ƙurar yini guda, ya jawo riga ya shimfiɗa a kai. Jan da ya yi daga bonet zuwa but, gogar farko ke nan. Cikin dare iska ta taso, rigar ta yi ta kaɗawa tana bugun jikin motar, ƙurar tana tsakani. Da safe a sake janye ta. Riga a kan mota mai ƙura samfefa ce, sai dai aikinta a hankali take yi, shi ya sa mai motar ba ya zarginta.

In kana so ka gani da idonka, nemi baƙar mota ko mai ruwan bula mai duhu da aka daɗe ana rufewa haka. Tsaya da hantsi inda rana ke faɗowa kan bonet, ka ɗan sunkuya. Za ka ga ƙananan zane birjik sun kewaye hasken ranar, zagaye a kan zagaye. Sannan ka duba wuraren da rigar ta fi ɗamewa: kusurwoyin rufi, bayan madubi, gefen but, kan bamba. Nan ƙyallin ya mutu, wurin ya yi dishi-dishi alhali tsakiyar ƙofa tana nan da haskenta. Rana ba ta zaɓen kusurwa. Inda ka ga kusurwa ce kaɗai ta dushe, gogayya ce.

Shuɗin tamfol kuwa, ina roƙon duk mai karanta wannan ya cire shi daga kan motarsa yau. An yi shi ne don rufe buhunan hatsi da kayan gini. Saƙar robarsa kaushi gare ta, ƙarafan da ke bakin ramukan igiyarsa suna dukan jikin mota in iska ta taso, kuma ba ya numfashi ko kaɗan. Wannan na ƙarshen shi ne babbar matsalarsa da damina. Mai talla zai yi maka rantsuwa cewa rigarsa ruwa ba ya ratsa ta, kai kuma ka ji daɗi. Amma abin da ruwa ba ya shiga ta cikinsa, ruwa ba ya fita ta cikinsa. Danshi daga ƙasa yake tasowa, raɓa tana taruwa a ƙarƙashin rigar, rana ta fito ta dafa shi. Daga nan sai fenti ya yi tabo fari-fari, tsatsa ta kama duk inda aka taɓa ƙwarzanewa, kujeru su fara warin fumfuna. Rigar kirki tana tare mafi yawan ruwan sama, amma tana barin gumi ya fice.

Kada a ɗauka ina cewa riga ba ta da amfani. Tana da shi, kuma babba. Ranar watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke kaiwa wajen digiri 40 a inuwa, saman baƙar mota yana iya wuce 70. Hasken ranar ne ke cin shafin saman fenti, shi ke fasa dashbod, shi ke mayar da fitilun gaba rawaya. Wanda ya gudu daga rana ya fake a gindin darbejiya kuma ya gamu da kashin tsuntsu da na jemage da 'ya'yan itacen da ke fashewa a kan rufi. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti, in rana ta gasa shi a kai, ko an wanke sai ka ga shatinsa. Ga ƙurar siminti in maƙwabci yana gini, ga akuya mai son hawa bonet, ga yara da tsinke. Duk waɗannan riga tana maganinsu.

Abin da nake cewa shi ne, riga ta motar da za ta zauna ce. Alhaji zai tafi aikin Hajji, Hajiya za ta yi wata guda wajen 'yarta da ta haihu, ko motar gida ce ta biyu da sai mako-mako ake tayar da ita: a wanke ta da ruwa mai yawa, a bar ta ta bushe sarai har cikin lungunan ƙofa, a rufe, a ɗaure. Wannan daidai ne. Amma motar da ke fita kullum ta dawo da ƙura, ba kuma za a iya wanke ta kowace yamma ba, barinta a buɗe ya fi mata alheri. Na san kuɗin jarkar ruwa wajen 'yan ga-ruwa, na san ba kowa ke da rijiya a gida ba. Shi ya sa ma mutane da yawa suke sayen rigar, don su huta da wanki. A nan ne lissafin ya karkace, domin riga ƙara wa mutum wanki take yi. Wanda ba zai iya wankin ba, ya sa kuɗin a abin tare rana na gilashin gaba, da man gogewa mai kaki da za a riƙa shafawa bayan 'yan watanni. In yana da fili a gida, ya tara ya kafa rumfa, ko ta kwano ko ta ragar inuwa. Rumfa tana tare rana da kashin tsuntsu ba tare da ta taɓa fentin ba, iska kuma tana wucewa ta ƙarƙashinta. A wurina babu rigar da ta kai ta. Ɗan haya da ke ajiye mota a bakin layi, wanda ba shi da ikon kafa ko sanda, akwai rabin riga mai rufe rufi da gilasai kawai. Ta fi sauƙin kaɗewa da wankewa, kuma inda rana ta fi duka nan take karewa.

Wanda ya ga lallai motarsa ta cancanci riga, to ya saya da natsuwa. Ya juya cikinta ya shafa a bayan hannunsa. In ya ji kaushi ko santsin leda, ya ajiye. Abin nema shi ne ciki mai laushi irin na auduga. In yana da tsohon faifan CD a gida, ya goga cikin rigar a kansa ya duba a haske, abin da ya zana faifan zai zana fenti. Ya kafa bakinsa a jikin yadin ya hura, in iska ba ta ratsawa sam, da wuya gumi ma ya ratsa. Ya duba ɗinkin, don daga nan riga ke fara yagewa. Launi mai haske ya fi dacewa da ranarmu, fari ko ruwan azurfa. Batun girma kuwa, kada ya dogara da harafin da aka rubuta a jikin jaka. Ya auna motarsa da tef kafin ya fita. Corolla ta 'yan shekarun nan tana wajen mita 4.6, Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita 5, riga ɗaya ba za ta yi musu ba. Wadda ta yi yawa ita ce mai kaɗawa, wadda ta yi kaɗan ita ce mai cin kusurwa. A nemi mai roba a baki da maɗauri da ke bi ta ƙarƙashin mota, domin iskar hadarin farkon damina, ta Mayu da Yuni, ba ta barin rigar da ba a ɗaure ba. Araha ba ta ado, kuma rigar da ta fi kowace arha, zafin rana daga bazara ɗaya zuwa ta gaba ya isa ya mayar da ita gari, ta riƙa barin farin ɓarɓashi a jikin motar.

Akwai wasu lokuta biyu da ban yarda a rufe mota ba ko da rigar ta fi kowace kyau. Na farko, in an dawo daga tafiya injin da salansa suna da zafi, a bari su huce. Na biyu, in an yi sabon fenti. Fentin gareji ba a gasa shi da zafin da ake gasa na masana'anta, yana ɗaukar makonni yana fitar da sinadaransa kafin ya yi tauri. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa, ɗokin sabon fenti ya sa ya lulluɓe shi a daren farko, sai ya wayi gari da shatin yadi a kan bonet. A tambayi mai fentin tsawon lokacin da za a jira, a kuma bi abin da ya ce.

Motar da aka rufe kuma kada a manta da ita. Ƙarƙashin riga wuri ne mai duhu da ɗumi, ɓera yana son sa, kuma ɓera yana cin wayoyin mota. Mai ɗauke-ɗauke ma riga tana yi masa sutura, ana iya cire batir ko madubi a mayar da rigar, mai mota bai sani ba sai ranar da zai fita. A ɗaga ta ko sau ɗaya a mako, a buɗe bonet a leƙa, a bar motar ta sha iska. In an yi ruwan sama, da rana ta fito a cire a shanya.

Wanda duk wannan aikin ke hannunsa a gidaje da yawa shi ne maigadi ko yaron gida, kuma shi ne ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa ba. Za ka gan shi da safe ya kama rigar ta gefe ɗaya ya finciko, rabinta ya faɗi ƙasa, ya tattara ya dunƙule, cikinta da bayanta suka haɗu, ya cusa a but. Sannan ya ɗauko busasshen tsumma ya bi jikin motar da shi. Da zuciya ɗaya yake yi, so yake maigida ya fito ya ga mota fes. Ba laifinsa ba ne. Minti biyar ya isa a nuna masa: a kwance maɗauri, a ɗago gefen dama da na hagu a ninka su zuwa tsakiyar rufi yadda cikin rigar ba zai taɓa bayanta ba, sannan a naɗe daga gaba zuwa baya a kan motar, a sa a jakarta. Wajen sawa a ɗora naɗin a kan but, a warware zuwa gaba, a sauke gefuna. Babu ja, babu taɓa ƙasa. Busasshen tsumman kuma a karɓe shi, a ba shi bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye tsumma, a ce ya fara kwara ruwa ƙurar ta gangara kafin hannunsa ya taɓa fentin. Garin sabulun wankin kaya ba na jikin mota ba ne, yana wanke kakin da aka shafa.

Ita ma rigar tana son wanki. Duk bayan 'yan makonni, musamman da hunturu, a shimfiɗa ta a kan wankakkiyar mota, a wanke bayanta da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a juya a wanke cikin, a shanya a igiya har ta bushe. Ranar da ka shafa cikinta bayan wanki ka ji yashi bai fita ba, ko ka ga laushin ya cinye roba ta bayyana, kada ta sake hawa motar. A rufe injin janareta da ita ko itacen girki.