Masu Gudu a Kan Ƙanƙara Ba Su Saci Hanya Ba

Ƙungiyar wasan bobsled ta Amurka, wato tseren keken da ke sulalewa cikin kwararon ƙanƙara, ta daɗe tana zaɓo ƴan wasanta daga filayen guje-guje da tsalle-tsalle, kuma a ganina gaskiya ta bi. Vonetta Flowers ƴar tsallen nesa ce da ta rasa gurbi a tawagar Olamfik ta 2000. Shekara biyu bayan haka ta ci zinare a Salt Lake City tare da matuƙiya Jill Bakken, ta zama baƙar fata ta farko da ta yi hakan a gasar Olamfik ta hunturu. Lauryn Williams kuwa ta ci azurfa a tseren mita 100 a Olamfik ta Athens a 2004, ta shiga bobsled a 2013, cikin ƴan watanni ta sake cin azurfa a Olamfik ta hunturu a Sochi.

Sirrin yana cikin yadda aka raba aikin. Keken ba shi da inji. Mutane ne ke tura shi da gudu na kimanin mita 50, takalmansu masu ƙayoyi suna cizon ƙanƙara, sannan su faɗa ciki. Daga nan mai turi ya dunƙule, ya sunkuyar da kai, ya yi lamo har ƙarshen hanya inda zai ja birki. Ratar da aka samu a waɗannan daƙiƙoƙi biyar zuwa shida takan ninku kafin a isa ƙasa, a wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da ɗigon daƙiƙa. Wanda ya shekara goma yana koyon fizgar jiki daga layin tashi ya riga ya mallaki abin da ake nema.

Masu suka suna cewa baƙi na ƙwace wa ƴan gida gurbi, kuma an ji wannan ƙorafi sosai lokacin da aka zaɓi Lolo Jones, ƴar tseren tsallake shinge, zuwa Sochi a 2014. Ƙorafin yana da hujja idan suna aka duba wajen zaɓe, amma maganinsa shi ne a tsaya kan agogon gwajin turi, domin agogo bai san tauraro ba. Wasu kuma suna ganin wasan da ake ƙwarewa a kansa cikin watanni ba shi da zurfi. Sun haɗa turi da tuƙi ne. Matuƙi yana haddace kowace kwana, yana sarrafa keken da igiyoyi biyu a gudun da ya haura kilomita 120 cikin awa, kuma wannan sai an shekara ana yi. Elana Meyers, wadda ta fito daga wasan softball, ta ci tagulla a 2010 tana mai turi, sai a 2014 ta ci azurfa tana tuƙi. Ƙofar turi ce ta shigo da ita. Da an rufe ta, da Amurka ta rasa ɗaya daga cikin manyan matuƙanta.