Dodo Ɗaya, Mutum 40: Nazarin Farmakin Taron Dangi a World of Warcraft

Akwai sukar da ake yawan yi wa farmakin taron dangi na wasannin intanet, kuma ta fi fitowa daga bakin masu sharhin wasannin kwamfuta su da kansu, waɗanda suka fi ƙaunar wasa mai labari, wanda mutum zai zauna shi kaɗai ya bi tun daga farko har ƙarshe. A ganinsu, mutum 40 su taru da dare suna dukan dodo ɗaya, ya yi musu ƙarƙaf, su tashi su sake komawa, mako ya bi mako, wannan aikin ofis ne na biyu da babu albashi. Ban yarda da wannan hukunci ba. Dodon suka zuba wa ido, alhali gwanintar tana wurin mutanen da ke tsaye a gabansa.

Tarihin ba shi da tsawo. EverQuest, wanda ya fito a 1999, shi ya kafa al'adar, har ya kai ana shiga farmaki da mutum 72. Kamfanin Blizzard ya ɗauke ta a World of Warcraft a 2004, ya tsayar da adadin a 40, ya buɗe kogon wuta na Molten Core mai dodanni 10 da Ragnaros a ƙarshensu. A 2007 aka rage zuwa 25, a 2011 aka kawo tsarin da kwamfuta ke haɗa baƙi da baƙi su shiga tare, daga 2014 kuma mataki mafi wuya ya tsaya a mutum 20. Rabon aikin dai bai canza ba: masu garkuwa su riƙe fushin dodo a kansu, masu magani su hana mutuwa, masu bugu su rage masa jini.

Wanda ke son ganin inda fasahar take, ya duba Thaddius, ɗaya daga cikin dodannin Naxxramas da aka buɗe a 2006. Kafin a kai gare shi, sai an raba runduna biyu, kowane ɓangare ya fuskanci ɗaya daga cikin barorinsa, Feugen da Stalagg. Dole su faɗi kusan lokaci ɗaya. Idan wani ɓangare ya yi zalama ya riga ɗan'uwansa da yawa, wanda ya faɗi zai tashi, aiki ya koma baya. Tun a nan an koya wa mai ƙarfi ya sassauta hannu, ya saurari ɗaya ɓangaren. Bayan haka kowa zai yi tsalle ya dira dandamalin dodon, kuma wanda ƙafarsa ta kuskure zai faɗa cikin ruwan dafi da ke ƙasa, ya zagayo yana gudu abokansa na fama.

Sai babban al'amarin. Kusan kowane sakan 30, Thaddius yana ɗora wa kowane ɗan wasa cajin lantarki, wasu mai alamar tarawa, wasu mai alamar ɗebewa. Masu alama iri ɗaya idan suka cunkushe wuri guda, ƙarfin bugunsu yana ƙaruwa. Mai alama daban idan ya tsaya a cikinsu, lantarkinsa zai riƙa cin su, nasu yana cin sa, cikin ƙiftawar ido gawa ta cika fili. Saboda haka ake tsayar da doka tun kafin a fara: waɗannan hagu, waɗancan dama, duk wanda alamarsa ta canza ya zagaya ta gefen da aka amince, kada masu tahowa su yi karo da masu tafiya. Ba kowa alamarsa ke canzawa ba, don haka babu damar ka bi na kusa da kai ido rufe. Kuma babu damar a watse kowa ya tsaya nesa da kowa don tsira, domin dodon yana da wa'adin 'yan mintuna, idan ya cika sai ya haukace ya kashe kowa, kuma ba za a gama da shi kafin wa'adin ba sai da ƙarfin da cunkoson ke bayarwa.

A duba yadda aka ɗaure mutanen nan. Kusantar juna ita ce makaminsu, kuma ita ce ke kashe su. Abin da ake nema daga kowane mutum ƙarami ne ƙwarai, ya kalli alama, ya yi gudu ko ya tsaya. Yaro ma zai iya. Amma a nemi mutum 40 su yi shi daidai sau bayan sau, wani yana gyangyaɗi, wani intanet ɗinsa na tsinkewa, wani jaririnsa ya farka, to nan ne za a ji muryar jagoran farmaki a manhajar hira ta Ventrilo ko TeamSpeak, yanzu kuma Discord, yana maimaita kalma ɗaya kamar mai kiran salla: canji, canji, ku duba alamarku. Mai tsara wannan faɗa ya rubuta dokoki uku ko huɗu ne kawai, ya bar 'yan wasa su cika sauran da halayensu. Wasan mutum ɗaya, komai kyan labarinsa, ba zai iya sa ka ji nauyin ran mutum 39 a kan yatsanka ba.

Masu suka sukan kawo hujjar 2019. A shekarar aka sake fito da tsohon wasan da sunan Classic, kuma ba a cika mako ba wata ƙungiya ta kayar da Ragnaros. Suka ce ashe da ma babu wata wahala. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Mutanen 2019 sun shigo da ilimin shekara 15 a hannunsu, kowane motsin dodon an riga an rubuta shi. Na 2005 kuwa da mutuwarsu suka sayi ilimin.

Kuma wahalar gaske tana farawa ne bayan dodo ya faɗi. Abin da yake bari bai wuce kaya biyu ko uku ba, ga mutum 40 sun yi gumi. Wa za a ba? Ƙungiyar Afterlife ta EverQuest ce ta ƙirƙiro tsarin maki da ake kira DKP a 1999, tana farautar dodanni biyu, Lady Vox da Lord Nagafen. Kowa yana tara maki gwargwadon halartarsa, ya kashe su idan abin da yake so ya fito. Ga masu jefa ƙuri'a, ga masu barin dattawan ƙungiya su yanke hukunci, ga kuma masu gwanjo da zinaren wasa, wanda Blizzard ta hana a reshen Season of Discovery a 2024. Ƙuri'a ba ta san wanda ya wahala ba. Hukuncin dattawa yana da kyau har ranar da shugaba ya fara fifita abokansa. Gwanjo kuwa ya mayar da abokan yaƙi 'yan kasuwa. Ni DKP na fi so, duk da yadda yake sa wasu ɓoye maki, saboda yana biyan abin da ya fi komai tsada, wato zuwa. Mai maganin da ya kwana ana kashe shi a gaban dodon da ba zai bar masa komai ba, an rubuta masa ladansa. Tsarin aikin gayya ke nan: ka yi noma a gonar wani yau da sanin ranar taka na tafe.

Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina riƙe da shi, cewa darajar tsohon farmaki tana cikin yawan mutanensa. Babu ƙungiyar talakawan 'yan wasa da za ta tara gwanaye 40. Dole a samu mai jinkiri, da mai mantuwa, da wanda kullum shi ne bam ɗin dodo Baron Geddon ke fashewa da shi a tsakiyar jama'a maimakon ya gudu gefe. Ba za a kore shi ba, domin babu mai maye gurbinsa daren Laraba. Sai a koya masa, a ba shi wurin tsayuwa mai sauƙi, wani ya ɗauki nauyin kiran sunansa. Tsarin haɗa baƙi na 2011 ya buɗe ƙofa ga ɗimbin mutanen da ba su taɓa ganin waɗannan dodanni ba, kuma ba na raina wannan alheri. Sai dai a can an sassauta dokokin har kuskuren mutum ɗaya ya daina kashe kowa, wanda ya gaza kuma a jefa ƙuri'a a fitar da shi, kwamfuta ta kawo wani. A ɗaya gefen, manyan ƙungiyoyi irin su Echo da Liquid, masu tseren wanda zai fara kayar da sabon dodo a duniya, suna tace mutum 20 ɗinsu har babu rago ko ɗaya. Ina kallon tserensu da sha'awa, amma tambayar da Thaddius ya yi wa ƙungiyoyin 2006, yadda za a yi da mutum na 40, ba ta cikin aikin da ke gabansu.